Bindigar da Aka Sayo da Sunan Gidanmu

Tungar Jaye, ta Gidan Rumji
Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga ɗana Rashidu Haruna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Ummuhani, da jikata Maryama wadda har yau a hoto kaɗai na san ta. Allah ya tsare ka bisa dogayen hanyoyin nan na Amurka da kake tuƙa babbar mota, ya raba ka da haɗari da sharrin mutum, ya sa albarka cikin nemanka. Allah ya jiƙan mahaifinka, yayana Haruna, ya kai haske kabarinsa. Akwai ranakun da nake cewa ya huta da bai ga wannan zamani ba.

Mu nan muna yadda Allah ya ajiye mu. Matata Talatu na fama da gwiwa, ni kuma idon hagu ya fara yi mini hazo, shi ya sa za ka ga rubutun yana hawa da sauka, ba kamar wanda ka sani bisa allon lakol ba. Hatsi ya yi daidai gwargwado, amma wake ƙwari sun cinye rabinsa. Lakol ɗin, makarantar da na riƙe shekara goma sha tara, har yanzu a rufe take, malaman sun ce ba su kwana inda ba tsaro, ban kuma ga laifinsu ba. Awaki ne ke shan inuwa a ajin da ka koyi karatu. Innarka Indo, mahaifiyarku, tana Cadawa tare da Saliha matar ƙanenka Faruku da yaran, a gidan mahaifin Saliha. Sun samu ɗaki biyu, ana kuma mutunta su.

Na san an gaya maka cewa jandarma sun kama ƙanenka Faruku, yau mako shida ke nan yana gidan kaso a Maraɗi. Na san kuma ka yi ta kirana ban ɗauka ba. Salular ba ta lalace ba, Talatu ce ta gaya maka haka don ta rufa mini asiri. Ina zaune ina kallonta tana ƙara har ta gaji. Abin da zan gaya maka ba na salula ba ne, don magana in ta shiga salula ba ta da mai ita, kowa sai ya tura wa wanda ya ga dama. Takarda kuwa kai kaɗai za ka buɗe. Alhaji Tata zai kai ta Yamai, ya ba abokinka da zai koma can. Ka samu wuri ka zauna, ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Ka san abin da ya faru damanar bara, amma ka ji shi ne daga bakin masu tausaya maka, masu rage labari. Da la'asar ne, muna maimai a gonakin kudu. Mutane bisa moto shida, wato babura, suka fito daga wajen daji, rana tsaka, ba su ko rufe fuska ba. Maƙwabcinmu Balarabe yana riƙe da igiyar shanun huɗarsa, suka ce ya saki, ya tsaya yana roƙonsu da su bar masa ko guda. Bai gama maganar ba. Ni ina nesa da shi kamar taki ɗari. Na kwanta cikin kunyar gona na cusa fuskata a ƙasa, har yashi ya shiga bakina. Mutum mai shekara sittin da takwas, wanda ya koya wa rabin garin nan cewa ƙasa tana da doka, doka kuma tana kare talaka. Bayan mun binne shi, maza suka taru ƙofar mai gari, aka ce dole garin nan ya samu ko da bindiga guda ta ƙwarai. Sai duk idanu suka juyo kaina, tunda ni ne na san takarda. Ni kuma na tashi na ce a bi doka, in an bi ta ba wanda zai taɓa mu. Na yi musu alƙawarin wata uku.

Bari in gaya maka dokar kamar yadda aka bayyana mini ita a buro, ofishin hukuma, don kai ma ka san ta, ko da yake lokacin saninta ya wuce. A nan ba a sayen bindiga sannan a nemi izini. Izini ake fara samu, da sunan mutum guda, ba da sunan gari ba, kuma ta farauta kaɗai ake ma maganarta. Za ka rubuta takardar roƙo da hannunka ka manna mata tambur, wato kan sarki. Za ka haɗa da takardar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da ta inda kake zaune, da hotuna, da shaidar likita cewa kanka ɗaya, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba. Daga nan a zo a bincika halinka wajen mai gari da maƙwabta. Daga nan dosiye, wato tarin takardun nan, ta tafi Yamai. In Allah ya sa ta dawo da sa hannu, sai ka saya wajen dillalin da ƙasar nan ta yarda da shi. In kuwa a wata ƙasa za ka saya, wannan wata rijiya ce daban. Sai ka samu izinin shigowa da ita daga nan, sai waccan ƙasar ta ba da izinin fitar da ita, sai ta biyo ta ƙofar duwan, wajen 'yan kwastan, a rubuta lambarta, ba ta hanyar jakai ba. Dillalin can kuma, in na gaske ne, ba shi da ikon miƙa bindiga ga wanda ba ya riƙe da lasisin ƙasarsu, balle baƙo.

Na bi wannan hanya kamar yadda nake bin liman. Na sa babbar rigata, na je da faransancina na da, wanda yaran buro na yanzu suke sauraro kamar suna jin tatsuniya. Abin da ba wanda ya gaya mini tun farko shi ne takardar kotun nan wata uku take rayuwa. Kafin a zo binciken hali ta mutu. Na sabunta ta, sai aka ce shaidar likita ta tsufa. Na sabunta wannan, sai aka ce mai sa hannu an ɗauke shi, sabon bai zo ba. Sau huɗu kotu na shaida cewa ni ba ɓarawo ba ne, Rashidu. Ba na tsammanin akwai wani a duk ƙasar Gidan Rumji da aka wanke kamar ni. Cikin wannan lokaci an kwashe garuruwa biyu a yammacinmu, an tafi da mata uku daga wata tunga. In na biyo ta fada, inda su Faruku ke shan shayi, sai su miƙe su gaishe ni da ladabi, su tambaye ni ya dosiye. Ladabin ya fi zagi ciwo.

Ana nan sai saƙonka na murya ya zo, bayan Babbar Salla. Na san Faruku ka aiko wa, na san kuma da zuciya ɗaya ka yi. Amma kafin rana ta faɗi an saurare shi a fada uku, har a bakin rijiya mata sun ji. Ni ma an kawo mini na ji. Ka ce kai da kanka ka tuƙa mota daga jihar da kake zuwa wata, ka shiga kantin dillali, ka nuna katinka, ya rubuta sunanka da inda kake zaune, ya buga waya aka duba ba ka da laifi, ka fito da doguwar bindigar farauta a ranar. Ka ce doka ta yarda, muddin mutum ya je da ƙafarsa, kuma dokar jihohin biyu ba ta hana ba. Ka ce ƙaramar bindiga ce kaɗai sai an aiko ta wajen dillalin jiharka. Duk wannan ban musa ba, kai ka san ƙasar da kake. Amma sai ka ƙara da cewa tsakaninmu da ƙetaren iyaka ai bai kai tafiyar da kake yi kafin karin kumallo ba, a nemi dillali mai rajista a can, kai za ka ɗauki nauyi.

Ɗana, jihohinka biyu ƙasa guda ce, tuta guda, littafin masu laifi guda. Mu ƙasa biyu ne. Na san abin da ya sa ka manta, don mu ma nan kullum mantawa muke. Kakanmu Jaye daga can ya taso da jakinsa, kaburburan iyayensa suna can, can muke aurowa, can muke kai gaisuwar mutuwa, kuɗinsu ma yana ci a kasuwarmu. Ba wanda ya taɓa jin ya je baƙuwar ƙasa don ya je suna gidan gwaggonsa. Mutanen garin nan sun saba ɗauko taki da fetur da kwanon rufi ta hanyar gona, sai suka ga bindiga ma haka ce, in dai da takarda. Ga shi kuma wanda ya faɗa ba jahili ba ne, Rashidu ne na Amurka. Maganarka ta minti huɗu ta fi shekaruna talatin da biyar na koyarwa nauyi.

Cikin watan Agusta Faruku ya ce zai je ƙetaren iyaka duba gwaggonku, ya kwana biyu, ya dawo da tabarmi naɗe a bayan moto. Washegari da hantsi ya zo zaurena, ya cire takalmi, ya durƙusa, fuskarsa cike da murna kamar ranar da ya ci jarrabawa. Ya ce ya kawo mini takarda in karanta, tunda da ingilishi take. Ya ba ni labari tiryan-tiryan. Wani ɗan kamasho ne ya kai shi wani kanti bayan kasuwa, gaba ana sayar da maganin feshi, ciki kuma ofis ne da fanka da kujeru, har da wata takarda cikin gilashi rataye a bango. Mai kantin dattijo ne mai farin gemu da tasbaha, ya ce shi ba ya ciniki sai bisa doka. Ya karɓi katin Faruku ya ɗauki hotonsa gaba da baya. Ya buɗe babban littafi ya rubuta suna, da gari, da unguwa, da lambar salula. Ya tambayi ko gidan yana bakin gari ne ko tsakiya, maza nawa ke kwana ciki, akwai wata bindiga a garin ko babu. Ya ce doka ta wajabta a rubuta wanda ya biya, Faruku ya ce yayansa ne da ke Amurka, ya faɗi sunanka. Dattijon har ya ɗauki waya ya fita waje, ya dawo ya ce an duba, ba shi da laifi. Faruku ya ce mini komai ya tafi daidai yadda Yaya Rashidu ya faɗa, ba abin da aka tsallake.

Ingilishina na koleji ne, ya yi tsatsa, amma ya isa. Takardar ba ta da lambar lasisi, ba ta da adireshi, lambar bindigar ma ba a rubuta ba, don a jikin ƙarfen an goge ta da zarto. Hatimi kaɗai gare ta, babba, ja, irin wanda ake sassaƙawa a bakin tasha. Na gaya masa cewa dillalin da ya yarda ya sayar wa baƙo ba lasisi, ba ya tsoron hukumar ƙasarsa. Wanda kuma ba ya tsoron hukuma, manyan masu cinikinsa ba manoma ba ne, mutanen daji ne. Na ce masa bindiga guda da ya saya ba ita ce ribar mutumin ba, ribarsa ita ce shafin nan na littafi. Na ce ya tafi neman tsaro, ya rubuta musu da bakinsa gidan da za su zo, da wanda za su ɗauka, da wanda zai biya fansa. Ya riƙa zane a ƙasa da tsinke. Can ya ɗago, ba tare da rashin kunya ba, ya tambaye ni shekara guda da na yi ina bin buro, me ta haifa. Ya ce takardata ta gaskiya ba ta harbi, tasa ta ƙarya tana harbi. Na ninke takardar na miƙa masa.

Ya ɓoye bindigar cikin rumbun tsakiya, ƙarƙashin ragowar damman bara. Ɓoyo dai na suna, don duk fada sun taɓa ta. Suka sa masa suna Sarkin Yaƙi, in ya zo a tashi a ba shi kujera. Ka san ƙanenka, tun yana ƙarami a inuwarka yake, kai ne mai ƙwaƙwalwa, kai ne ka tafi. Wannan ne karo na farko da garin ya kalle shi don kansa.

Ƙarshen Satumba, hatsi ya nuna ana shirin girbi, sai wata baƙuwar lamba ta kira shi. Saliha ce ta zo ta gaya mini a ɓoye, don shi ya ce kada a faɗa. Mai kiran ya yi sallama da ladabi, ya ce daga kanti ne, suna bin sawun masu cinikinsu su ji ko kaya na aiki. Ya tambayi lafiyar yayansa na Amurka, ya tambayi ko harsashi ya ƙare, ya tambayi ko a gida yake kwana ko a gona lokacin girbi. Bayan kwana huɗu, ranar kasuwa, wasu mutum biyu bisa moto suka tsaya wajen mai faci, ba abin da ya samu tayarsu. Suka sayi ruwa, suka tambayi wane ne gidan Ba'amurke. Mai facin ya ce shi baƙo ne bai sani ba, Allah ya saka masa.

Na kira Faruku. Na roƙe shi ya kwashi iyali ya tafi Cadawa, ko Agiye, ko ina ne, har kaka ta wuce, ni zan tsaya a yi masa gayya a girbe gonar. Ya ce in ya gudu da wane ido zai kalli fada. Na ce ya jefa bindigar rijiyar da ta rufta. Ya ce ko ya jefa, su ba su san ya jefa ba, wannan kuwa gaskiya ya faɗa. Na sa innarka ta yi masa magana, ta yi kuka, ya lallashe ta ya ce ai yanzu ne ma gidan ke da tsaro. Na sa liman, ya ce to, ya fito bai canza ba. Na tuna masa cewa bai taɓa harba ta ko sau guda ba, don tsoron ƙara, su kuwa sun fi shekara goma suna harbin mutane. Ya yi dariya ya ce Baffa ya tsufa, tsoron ranar Balarabe bai sake shi ba. Wannan ma gaskiya ce.

Ran uku ga Oktoba da safe motar jandarma ta shigo gari. Ba su tambayi kowa hanya ba, ba su shiga ɗaki ko guda ba, kai tsaye suka nufi rumbun tsakiya. Suka fito da bindigar da takardar, suka sa masa ankwa gaban 'ya'yansa. Takardar nan da ba ta iya kare shi da komai, ita ce ta isa shaida a kansa, don sunansa ne a jiki. Innarka ta bi motar da gudu ba mayafi har bakin gari. Kwana biyu bayan haka na samo amalanke da mota aka kai innarka da Saliha da yaran Cadawa, a wannan karon ba wanda ya yi mini gardama. An yi gayya an girbe gonar, damman suna rumbuna.

Mutanen daji ba su zo ba. Mako shida ke nan, ko ƙarar moto ba mu ji ba. A fada ana cewa ka gani, dama ba komai, an ɗaure bawan Allah a banza. Ni ban sani ba ko ba su zo ba ne don sun ji wanda suke nema yana bayan katanga, ko dama can ba su da niyyar zuwa. Ba zan taɓa sani ba. Wannan ne nake tashi da shi, nake wuni da shi.

Sau uku ina zuwa ganinsa. Ya rame, ƙaiƙayi ya kama masa hannuwa, su da yawa ne a ɗaki guda. Lauyan da na samo ya ce laifin ba ƙarami ba ne, ana iya yanke masa shekaru, amma in alƙali ya gamsu cewa ruɗarsa aka yi, kuma bai taɓa harba ta ba, ana iya sassautawa. Zuwana na ƙarshe Faruku ya riƙe hannuna ta tsakanin ƙarafa, ya ce in yafe masa dariyar da ya yi mini, ya yi ta godiya bisa wahalar da nake sha da tsufana. Daga nan ya ce abu guda yake roƙo, in bincika masa munafukin da ya kai shi. Na ce masa to.

A gari kuwa sun riga sun samo nasu munafukin. Ka tuna Baƙo, na gidan gabas, wanda kakanninsa makiyaya ne daga arewa, suka zauna suka kama noma tun kafin a haife ni? Shi suka ɗora wa. Hujjarsu ita ce an gan shi a Gidan Rumji cikin makon, alhali allurar shanu ya je saye. Mutumin da ya ɗauki gawar Balarabe a kafaɗarsa daga gona har gida. Yanzu mata ba su amsa gaisuwar matarsa a rijiya, ba mai sayen nononta, shekaranjiya kuma da rana tsaka aka cinna wa harawarsa wuta. Matasa sun ce gobe bayan sallar Juma'a ko dai ya dafa Alƙur'ani gaban jama'a ko ya bar garin. Na san kuma ko ya dafa ba za su yarda ba.

Rashidu, ni ne. Ni na kai ƙanenka. Ran ɗaya ga Oktoba na hau motar kasuwa na ce zan je duba dosiye. Na zauna wajen mai shayi daura da ƙofar jandarma tun hantsi har aka kira azahar, na yi salla, sannan na shiga. Na faɗi sunansa, na faɗi rumbun. Na yi tunanin in ce bindigar tawa ce su riƙe ni, tsoho ba shi da asara. Amma da na yi haka, Faruku zai ci gaba da kwana a gidan da aka rubuta cikin littafin nan, sunansa ne a ciki ba nawa ba. Ba bindigar nake so a ɗauke daga garin ba, shi nake so a ɗauke. Na duba ƙasar nan kaf, inda na yi wa aiki tun ina saurayi, na rasa wuri guda da zan ajiye ɗan yayana inda mutanen daji ba su kaiwa, sai kaso. Na ga waɗanda aka karɓo daga daji bayan an sayar da gona da shanu, na ga yadda suke dawowa, na san kuma waɗanda aka biya ba su dawo ba. Wanda ya rubuta bayanina yaro ne sa'an Faruku. Da ya gama ya ce mini tunda an samu haramtacciyar bindiga a cikin danginmu, dosiyena sai an sake binciken hali daga farko. Na yi dariya har ya tsorata.

Gobe in liman ya sallame zan miƙe kafin su taɓa Baƙo, in faɗi abin da na faɗa maka. Na yi shiru mako shida ina kallon ana cin mutuncinsa, wannan kuma laifi ne da ba ni da hujjarsa, tsoro ne kawai. Jibi zan tafi Cadawa in durƙusa gaban innarka, ko da yake salula za ta riga ni isa. Daga can in wuce Maraɗi in gaya wa shi kansa, tunda ya ce in nemo masa mutumin. Talatu kaɗai ta sani, tun ranar kuma abinci take ajiye mini ba magana.

Ba gafararka nake nema ba, ba kuma ina ɗora maka laifi ba ne. Kai ka faɗi dokar inda doka ke aiki, ni na dogara da ita inda ba ta aiki, shi kuma ya faɗa tsakaninmu. Amma akwai abin da za ka yi. Lauya ya ce ka rubuta da hannunka abin da ka faɗa cikin saƙon nan, da cewa kai ka ba shi shawarar neman dillali a ƙetare bisa rashin sanin dokar nan, ka sa hannu gaban hukumar da ke tabbatar da sa hannu a can, ka aiko da gaggawa kafin a shiga kotu. Kada ka ji kunyar rubuta cewa ka yi kuskure, wannan kalmar tana iya rage masa shekara. Kada kuma ka ƙara aiko komai da sunan wani a Tungar Jaye, sunanka ya zama haɗari ga duk wanda ya ɗauke shi. Ka riƙa kiran innarka kullum daga ranar da takardar nan ta same ka, za ta buƙaci wanda za ta zage ni a gabansa, ka bar ta ta yi, kada ka kare ni. Ranar da Allah ya fito da Faruku kuma, kai ne za ka hana shi dawowa garin nan, don daga jibi ba zai ƙara jin maganata ba.

Ka gaishe mini da Ummuhani, ka ce na gode da maganin ido, yana ɗan taimakawa. Ka shafa kan Maryama, ka riƙa yi mata Hausa a gida. Ka gai da Ibrahim ɗan garin Sae Sabuwa da kuke zaune unguwa guda, ka ce mahaifinsa ya samu sauƙi har yana fita masallaci. Talatu na gaishe ku, haka liman da mai gari da Alhaji Tata. Ban sa gaisuwar innarka ba, don ba ta san ina rubuto maka ba, ban kuma sani ba ko za ta ƙara ba ni saƙo in kai wa wani.

Faruku ya ce in gaishe ka ƙwarai. Da bakinsa ya faɗa, ranar Litinin, yana tsaye da ƙafafunsa.

Wassalam. Ni ne baffanka,
Ishaku Jaye